Tsakanin Kwalta da Kogi: Me Ya Hana Kayanmu Bin Ruwa?

A watan Oktoba na 2022 Kwara da Binuwai suka cika suka batse, ruwa ya haye titin Lakwaja zuwa Abuja a daidai Koton Karfe. Tireloli da tankokin mai suka jeru a hanya kwana da kwanaki, gaba ta gagara, baya ta gagara, kafin a ankara dogayen layuka sun dawo gidajen man Abuja. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kayan nan sun maƙale ne a gaɓar kogin da fiye da shekara ɗari da suka wuce shi ne babbar ƙofar da kayan Turai ke shigowa Arewa, auduga da fatu da kaɗanya kuma su fita. Ruwan da ya tare motocin ya isa ya ɗauki jirgin da zai kwashe lodin tirela hamsin a tashi ɗaya. Jirgin ne babu.

Duk sanda tanka ta kife ko gada ta karye, sai ka ji wani babban jami'i yana cewa lokaci ya yi da za a rage wa tituna nauyi, a mayar da dakon manyan kaya kan ruwa. Maganar tana da daɗin ji, kuma akwai gaskiya a cikinta. Sai dai an daɗe ana maimaita ta, an kuma zuba mata biliyoyin naira, amma har yau da wuya ɗan kasuwar Kantin Kwari ko na Singa ya nuna maka dilar da ta iso shagonsa bayan ta hau Kwara. To, ina gizo ke saƙar?

A fara da titin kansa. Injiniyoyi sun daɗe da sanin cewa ba yawan motoci ne ke kashe kwalta ba, nauyin da ke sauka a kan kowane jerin tayoyi ne. Wani babban gwaji da aka yi a jihar Illinois ta Amurka a ƙarshen shekarun 1950 ya nuna cewa in aka ninka wannan nauyi sau biyu, ɓarnar da zai yi wa titi takan ninku kusan sau 16. Wato tirela ɗaya da aka danƙara wa lodi ta fi dubban ƙananan motoci cin titi. Ƙasashen Afirka ta Yamma suna da dokar da ta iyakance nauyin lodi, amma duk wanda ya san harkar siminti ya san akwai mota mai buhu 600, akwai mai buhu 900. Ta farko tan 30 ke nan, ta biyu tan 45, ban da nauyin motar kanta. Ma'aunan da ya kamata su tsayar da mai wuce ƙa'ida, in ma akwai su, ba su hana kowa wucewa ba.

Jihar Neja ce ta fi kowa jin wannan a jika, domin kusan duk abin da ya taso daga Legas zuwa Kaduna, Kano, Katsina ko Sakkwato sai ya ratsa ta. Da gadar Tatabu da ke tsakanin Jebba da Mokwa ta karye a daminar 2017, manyan motoci suka koma wasu hanyoyin da ba a gina su don irin wannan nauyi ba, su ma suka farfashe. Ga kuma asarar rayuka. Gobarar tankar mai a Majiya ta jihar Jigawa a Oktoban 2024 ta ci fiye da mutum 150, ta mararrabar Dikko a Janairun 2025 ta ci fiye da 80. Gaskiya ne yawancinsu ɗibar man da ya malale ne ya kai su wurin, amma akwai tambayar da ke gaban wannan: me ya sa man da Arewa ke sha zai yi tafiyar kusan kilomita dubu a bayan mota, yana ratsa tsakiyar kasuwanni da ƙauyuka? An shimfiɗa bututu har zuwa rumbunan mai na Suleja da Kano da Gusau da Jos da Gombe da Maiduguri don kada a yi haka. Bututun ya lalace, sai titi ya gaji aikinsa, kamar yadda ya gaji na jirgin ƙasa.

Ruwa kuwa baiwarsa a fili take. Jirgi ba ya gogayya da ƙasa, saboda haka ƙarfi kaɗan ke tura nauyi mai yawa, muddin ba a gaggawa. Akwai faffaɗan jirgin dako marar inji, wanda ma'aikatan tasha ke kira baji. Ana ɗaure da yawa wuri ɗaya, wani ƙaramin jirgi mai ƙarfin inji ya tura su daga baya. A kogin Misisifi na Amurka baji ɗaya kan ci tan 1,500, kuma akan haɗa guda 15 a tura su tare. Tan 22,500 ke nan, lodin tirela 750 masu buhu ɗari shida-shida, a hannun ma'aikata kamar goma. Kwara ba ta da zurfin da zai ɗauki irin wannan a mafi yawan shekara, amma ko baji huɗu masu tan 500 aka haɗa, an sauke wa titi tirela fiye da sittin. Man da za a ƙona ya ragu ƙwarai, hayaƙi ya ragu, ba taya za a saya ba, ba kwalta za a sake zubawa ba.

Ba ma sai an je Amurka ba. Tsakanin 2017 da 2020, lokacin da cunkoson Apapa ya kai intaha, tirela takan yi makonni a layi kafin ta shiga tashar jirgin ruwa, direbobi suna kwana a kan gada, ana karɓar na-goro a kowane shinge. 'Yan kasuwa har cewa suke yi kuɗin fitar da kwantena daga Apapa zuwa wata unguwa a cikin Legas ya fi kuɗin kawo ta daga Sin. A lokacin ne, ba tare da wani bikin yanke ƙyalle ba, masu baji suka soma kwasar kwantena ta ruwa zuwa Ikorodu da wasu gaɓoɓin tafkin Legas, inda mota za ta ɗauka ba tare da shiga Apapa ba. Harkar ta bunƙasa nan da nan. Da aka gyara tituna, aka kuma kawo tsarin kiran motoci ta intanet mai suna Eto a Fabrairun 2021, cunkoso ya ragu, wasu masu kaya suka koma titi. Wannan ɗan labari ya ƙunshi kusan duk abin da ake bukatar sani: mai kaya ba ruwansa da kishin kogi, lissafi yake yi. Inda ya fi sauƙi da tabbas, nan zai bi.

Mutanen da suka riga mu sun san wannan lissafi. Tun kafin zuwan Turawa, Kede, wato Nupawan ruwa waɗanda sarkinsu Kuta ke zaune a Muregi, inda kogin Kaduna ya faɗa cikin Kwara, su ne ke dakon goro da kanwa da gishiri da tufafi a manyan kwale-kwale, Kakanda kuma suna riƙe da yankin da ke kusa da Lakwaja. Da kamfanin Royal Niger ya sami izinin mulki a 1886, jiragen tururi suka karɓi harkar. A Lakwaja Gwamna Lugga ya kafa tutar mulkin Arewa ranar 1 ga Janairu, 1900, ba don komai ba sai don nan ne mahaɗar koguna biyu. Gwamnan da ya gaje shi, Percy Girouard, injiniyan jirgin ƙasa ne, shi ya soma shimfiɗa dogo daga Baro a 1907, ya isa Kano a 1911. Ƙarafan dogon da kawunan jiragen duk ta kogi aka hauro da su zuwa Baro. A tsarin farko, hanyar Kano zuwa teku ita ce jirgin ƙasa zuwa Baro, jirgin ruwa zuwa Burutu, daga nan babban jirgi zuwa Ingila.

Binuwai ma haka. Jirage suna hawa ta Makurɗi da Ibi da Numan da Yola har Garwa a ƙasar Kamaru, su kai gishiri da siminti da mai, su sauko da auduga da gyaɗar arewacin Kamaru da Chadi. Ba a yin wannan tafiya sai a tsakiyar damina, wata biyu zuwa uku, lokacin da kogi ya kawo. Kamfanonin ba su yi jayayya da kogin ba, sai suka gina kasuwancinsu a kan kalandarsa. Suka yi manyan sito a gaɓa suna tara kaya duk rani, suka ƙera jirage marasa zurfin ciki, suka ɗauki matuƙa 'yan ƙasa waɗanda suka san inda yashi ya koma bana. Abin da ya fi muhimmanci, kamfani ɗaya, irin su UAC da John Holt, shi ke da kayan, shi ke da jirgin, shi ke da sito da bakin tashar. In jirgi ya makara, asarar tasa ce, saboda haka ba ya makara.

Mutuwar harkar ba ta zo a rana ɗaya ba. Da dogon Legas ya haɗu da na Baro a Minna, aka kuma gama gadar Jebba, mafi yawan gyaɗar Kano ta miƙe zuwa Apapa ba tare da an sauke ta a hanya ba. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya datse ƙasan kogin, jirage suka tsaya, wasu suka lalace, harkar ba ta sake komawa yadda take ba. Sai kuɗin fetur ya zo, aka gina tituna da gadoji, mai ya yi araha, tirela ta zama sarauniya. Madatsar Lagdo da Kamaru ta gama a 1982 ta sauya yadda Binuwai ke kawowa, tashar Garwa ta yi shiru.

Gwamnatocin baya-bayan nan ba za a ce ba su taɓuka komai ba. A 1997 aka kafa hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, wadda ke cewa Najeriya na da hanyoyin ruwa na kimanin kilomita 10,000, da suka taɓa jihohi 28. A Satumban 2009 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da aikin yashe Kwara daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572, a kan kuɗi fiye da naira biliyan 30. Tashar Anacha, wadda aka gina tun zamanin Shagari, an gyara ta Goodluck Jonathan ya buɗe a 2012. Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar Baro a Janairun 2019. Ta Jamata kusa da Lakwaja an shekara da shekaru ana gini. A 2023 har ma'aikata guda aka ware wa harkokin teku da tattalin arzikin ruwa.

Amma a duba yadda aka jera ayyukan. An yashe kogi lokacin da tashar Baro ba ta kammalu ba. Da aka gama tashar, shekara kusan goma ta wuce, kogi ya mayar da yashinsa. Da aka buɗe ta kuma, titin da zai haɗa ta da duniya, na Agaie zuwa Katcha zuwa Baro, mai tsawon kamar kilomita 50, bai kammalu ba, tsohon dogon Baro zuwa Minna kuma ciyawa ta cinye shi. Aka kafa injunan ɗaga kaya suna kallon ruwa, rana da damina suna cin su. A ganina nan ne cutar take. Dakon ruwa sarƙa ce mai ƙarfe-ƙarfe da yawa: zurfin ruwa, alamomin hanya, jirgi, matuƙi, tasha, kwastan, titi ko dogo daga tasha, tsaro, sannan kaya masu yawa da za su riƙa zuwa a kai a kai. Mu kuwa ƙarfe ɗaya muke saya a kowace gwamnati, wanda ya fi kyan hoto ranar buɗewa, mu bar sauran.

Shi kansa yashe kogi ana yi masa gurguwar fahimta. Kamar sharar tsakar gida yake, ba a yin sa sau ɗaya a ce an gama. Kwara daga Lakwaja zuwa ƙasa kogi ne mai gindin yashi, kowace ambaliya takan kwashe tudu daga nan ta ajiye shi can. Inda jirgi ya wuce bara, bana shanu na iya tsayawa a wurin. Abin da ake bukata shi ne ƙananan jiragen yasa da ke zaune a kogin dindindin, masu auna zurfi suna fitar da taswira bayan kowace damina, da alamomi masu fitila da ake sauya musu wuri. Amurkawa sun ɗora wa injiniyoyin sojansu alhakin tabbatar da zurfin ƙafa tara a Misisifi tun wajen 1930, kuma har yau kowace shekara ana ware kuɗinsa. Irin wannan aiki ba shi da bikin buɗewa, kwangilarsa ba ta da girma, shi ya sa ba ya burge ɗan siyasa.

Sannan akwai maganar yawan ruwan. Kwara ambaliya biyu take yi a shekara. Ta farko ruwan daminarmu ne, takan kai ƙololuwa wajen Satumba zuwa Oktoba. Ta biyu ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini ne, wanda ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, ba ya iso mu sai cikin hunturu. Wannan ni'ima ce da Binuwai ba ta da ita, kuma ita ke tsawaita lokacin tafiyar jirgi. Tun da aka gina madatsar Kainji a 1968, da ta Jebba da ta Shiroro daga baya, yawan ruwan da ke sauka Baro ya dogara ne da yadda masu samar da lantarki suka saki. Babu laifi a haka, amma in ana son mai jirgi ya yi alkawarin ranar isowa, dole a zauna tebur ɗaya da masu madatsun. Ƙarancin ruwa ba matsalarmu ce mu kaɗai ba. A 2018 da 2022 kogin Rayin na Jamus ya janye har jirage suna ɗaukar ƙasa da rabin lodinsu, masana'antu suka rage aiki. Bambancin shi ne su sun san zurfin kowace rana, suna lissafi da shi.

Yanzu a zo kan lissafin ɗan kasuwa, wanda masu jawabi suka fi tsallakewa. Tirela takan ɗauki kaya daga ƙofar masana'anta ta sauke a ƙofar sito, lodi ɗaya, saukewa ɗaya. Ta ruwa kuwa, a ce siminti ne daga Obajana za a kai Anacha: a loda a mota, a kai gaɓar Lakwaja, a sauke, a loda a baji, a sauke a Anacha, a sake lodawa a mota. Kowane taɓi kuɗi ne, na lebura, na inji, na buhun da ya fashe, na wanda ya yi ƙafa. Rangwamen da ruwa ya bayar a tsakiya sai ya fi abin da aka kashe a bakin gaɓa biyu kafin a ce an ci riba. Wannan ba ya faruwa sai tafiyar tana da nisa, kayan suna da nauyi da yawa, kuma suna da haƙuri. Tumatirin Kadawa da shanun Potiskum da Maigatari ba za su taɓa bin baji ba, kada ma a yaudari kowa. Siminti, takin zamani, mai, ƙarfe, dutse, hatsi, ma'adinai da kwantenar da ba ta gaggawa, su ne abokan ruwa. Ko su ɗin ma, a ƙasar da kuɗin ruwan banki ya haura kashi 25 cikin ɗari, ƙarin mako biyu a hanya ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya ci bashi ya sayi kayan.

Akwai kuma kayan dawowa. Duk direban tirela ya san zuwa da lodi a dawo wayam asara ce. Baji da ya hau da takin Eleme ko Onne dole ya sami abin da zai sauko da shi. Akwai su: riɗi da waken suya na Binuwai da Nasarawa, kaɗanyar Neja, kashun Kogi, cittar kudancin Kaduna, zoɓo da ƙaro. Amma a warwatse suke a hannun dubban ƙananan 'yan kasuwa, kowa da tan talatin ɗinsa. Wa zai tara tan dubu biyu a gaɓa ɗaya a rana ɗaya? Aikin da UAC ke yi ke nan a da, kuma yau babu mai yin sa.

Ƙasashen da suka fi mu kuɗi ma sun sha kaye a nan. A 2011 Tarayyar Turai ta sa burin mayar da kashi 30 cikin ɗari na kayan da ke tafiyar fiye da kilomita 300 a titi zuwa dogo ko ruwa kafin 2030. Shirinta mai suna Marco Polo, wanda ya riƙa biyan kamfanoni tallafi don su bar titi, masu binciken kuɗi na Tarayyar da kansu suka ce bai cim ma abin da aka so ba, kuma har yau kogunan Turai gaba ɗaya ba su kai kashi goma na dakon cikin ƙasa ba. A jihar Kalifoniya an soma jigilar kwantena ta baji tsakanin Oakland da Stockton a 2013 da kuɗin gwamnati, ba a yi shekara biyu ba aka rufe, don kaya ba su zo ba. Inda abin ya zauna daram, kamar Holan da ke kai fiye da kashi ɗaya cikin uku na kayanta ta ruwa, sirrin a bayyane yake. Masana'antun ƙarfe na Duisburg da na sinadarai na Ludwigshafen da ke Jamus a bakin Rayin aka gina su, jirgi daga Rotadam har ƙofarsu yake sauke kaya, kuma tun yarjejeniyar Mannheim ta 1868 aka hana karɓar kuɗin fito a kogin. Kusa da mu, a Gana, baji na kai mai da siminti a tafkin Volta daga Akosombo zuwa Buipe a arewa. Harkar tana tafiya da ɗingishi, amma tana tafiya, domin kaya iri biyu ne kacal kuma masu su manya ne.

Gaɓar teku kuwa ta fi kogi sauƙi, don ba ta jiran damina. Najeriya na da gaɓa mai tsawon kimanin kilomita 850, da tashoshi a Warri da Fatakwal da Onne da Kalaba, amma mafi yawan kwantena a Legas suke sauka, har da na 'yan kasuwar Anacha da Aba, sai a ɗora su a mota ta Ore da Benin. Da tashar Lekki mai zurfi ta soma aiki a 2023, da matatar man Dangote da ke kusa da ita, hanya mafi hankali ita ce ƙananan jirage su riƙa rarraba kaya da mai zuwa tashoshin gabas, daga can mota ko baji su ƙarasa. Abin da ya tsaya a gaba shi ne jiragen. Dokar 2003 ta keɓe dakon gaɓar teku da na cikin ƙasa ga jiragen 'yan Najeriya, ta kuma kafa asusun da ake zuba wa kashi biyu cikin ɗari na kuɗin kwangila don a ba 'yan ƙasa rance su sayi jirage. Fiye da shekara 20 kuɗin suna taruwa ba a raba ba. An hana baƙo, ba a ƙarfafa ɗan gida ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ga yawan masu iko. NIWA da hukumar tashoshin ruwa da hukumar kula da sufurin teku NIMASA da kwastan da sojan ruwa da 'yan sandan ruwa da gwamnatocin jihohi, kowa da takardarsa da kuɗinta. Rigimar wa ke da ikon ba da lasisi a ruwan Legas sai da ta kai Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a Janairun 2024 cewa na Tarayya ne. A lungunan ruwan Neja Delta kuma akwai 'yan fashi, akwai matasan gari masu tare jirgi sai an biya. In shingen da ke kan titi ne zai koma kan ruwa da sabon kaki, mai kaya bai ga abin da ya ƙaru da shi ba.

Wani abin da ba a cika faɗa a fili ba shi ne, akwai masu ci da halin da ake ciki, kuma da yawansu namu ne. Masu manyan motoci na ƙungiyar NARTO, direbobin tanka, yaran mota, makanikai, masu faci, masu abinci a Tafa da Mararrabar Jos, duk tirela ce gonarsu. Shekaru da yawa gwamnati na biyan kuɗin dakon mai daga Kudu zuwa Arewa ta asusun daidaita farashi, wato tallafi ne kai tsaye ga tafiyar titi. Har yau ma tirela ba ta biyan ko kusa da kuɗin titin da take fasawa, talaka ne ke biya ta haraji da gyaran mota da ransa. Muddin haka ne, ruwa ba zai yi gogayya da titi a kan adalci ba. Ranar da aka soma auna lodi da gaske, mai buhu 900 ya koma 600, ranar ce masu siminti da kansu za su nemi hanyar kogi. Direbobi kuma ba aikinsu zai ƙare ba. Kano ba ta bakin Kwara, Gusau ma haka. Mota ce za ta ɗauka daga Baro ko Lakwaja, sai dai tafiyar kwana ɗaya a maimakon ta mako, direba ya riƙa kwana a gidansa.

Ga 'yan'uwanmu na Nijar, waɗanda kogin ya ratsa Yamai da Gaya, mafarkin jirgi daga teku har ƙofar gida tsoho ne. An yi wa madatsun Kainji da Jebba mashigar ɗaga jirage tun lokacin gini, hukumar ƙasashe tara masu cin moriyar kogin ma a Yamai take. Da aka rufe gadar Gaya da Malanville bayan juyin mulkin 2023, kwale-kwale ne suka riƙa fiton mutane da kaya, abin da ya tuna wa kowa cewa kogin yana nan. Amma fito daban, dako daban. Ban ga alamar cewa a nan kusa baji zai haura Jebba da Kainji ya wuce Yawuri da kayan Dosso ba. Ga Maraɗi da Damagaram, dogon Kano zuwa Maraɗi ya fi kusa da zama gaskiya. Ita Kano ɗin ma, in za a faɗi gaskiya, dogo mai aiki daga Apapa zuwa tashar tsandauri ta Dala zai fi yi mata amfani fiye da kogi a kan kayan kanti. Kogi na manyan kaya ne masu arha, kuma ba kishiyar dogo ba ne. Baro ba ta taɓa yin amfani ba sai da dogo a bayanta.

Da ni ake shawara, da na ce a rage buri. A ɗauki hanya ɗaya, Warri zuwa Anacha zuwa Lakwaja, a tabbatar da zurfinta wata takwas ko tara a shekara, a riƙa buga zurfin kowane mako kowa ya gani. A zauna da kamfanoni uku ko huɗu masu siminti da taki da mai, a ƙulla yarjejeniyar tan kaza a shekara, a bar su su mallaki baji da bakin tasharsu. A sa kwastan ya yarda kwantena ta wuce Anacha a rufe, a buɗe ta can. In wannan ya yi shekara uku yana tafiya a kan jadawali, sai a ƙara zuwa Baro, Binuwai kuma a koma yi mata tafiyar damina kamar da.

Gwamnoninmu da 'yan majalisarmu da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Kano da Kaduna, in an sake zuwa muku da maganar sabuwar tashar kogi, ku tambayi abu huɗu: wane kaya, na wane kamfani, wace rana jirgi zai riƙa tashi, nawa ne kuɗin tan ɗaya har ƙofar sito. Kuma kafin tirela ta iya shiga Baro ta fito lafiya cikin watan Agusta, kafin jirgin ƙasa ya sake tashi daga can zuwa Minna, kada ku yarda a sa ko kwabo a kasafin kuɗi don gina wata tashar.